Dutsen Kaka da Aka Gusa

Har yau in warin albasar da aka shanya ya haɗu da kiran sallar la'asar, sai in tuna da kakana. Tsakanin wannan kira da sallame salla abin ya lalace mana, a gindin wata tsamiya da ke bakin kasuwar Wurno, ina yarinya 'yar firamare.

Bari in gaya maka yadda gasar take. Manoman albasa ne suka fara ta tun kafin a haifi mahaifina. In an gama cire albasar rani, hannu ya huta, sai gwanayen dara na Wurno da Rabah da Goronyo su haɗu, bana nan, baɗi can. Ramuka ake tonawa a rairayi, mutum ɗaya ya riƙe duwatsu, ɗaya tsinkayen kara. Wanda ya jera uku ya cire ɗaya na abokin karawarsa. Babu kyauta sai goro da ihu, da kuma shekara guda ta tsokanar garin da aka kayar.

Kakana shi ne dodon wurin. Duwatsu yake riƙewa koyaushe, waɗanda ya tsinto daga bakin gulbi, sun yi santsi saboda yawan taɓawa. Ni ba mai magana ba ce. Yara na wasan gaɗa, ni ina tsugune bayansa da butarsa, ina kallon ramuka. "Amaryata ta fi ku duka hankali," in ji shi, sai in ɓoye fuska a babbar rigarsa.

A shekarar nan wasan ƙarshe ya rage tsakaninsa da wani dillalin albasa daga Shinaka ta ƙasar Goronyo, mutum mai fara'a da yawan dariya, wanda bai taɓa cin Kaka ba. Wasa ya yi zafi, Kaka saura taku biyu ya rufe shi, sai aka kira salla. Al'adar ita ce a bar dara yadda take, kowa ya tafi masallaci. Ba a sa mai gadi, domin sa mai gadi zagi ne ga dattawa. Ni kaɗai na rage, ina jingine da tsamiya.

Sai ga mutumin Shinaka ya dawo, wai ya manta tazbaharsa. Ya sunkuya ya ɗauka. Da zai miƙe, na ga babban yatsan ƙafarsa ya tura dutsen Kaka daga raminsa zuwa na gefe. Bai ko kalle ni ba. A wurinsa ni da butar ɗaya muke.

Da aka dawo, Kaka ya daɗe yana duban ramukan. Ni da ban taɓa ɗaga murya gaban maza ba, na ji bakina ya buɗe.

"Kaka, an gusa maka dutse. Da ƙafa ya tura shi."

Sai mutumin Shinaka ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Kai, tsoho! Yanzu amarya ka kawo ta yi maka lauya? Mi ta sani ga dara, wagga da ko hanci ba ta iya hyacewa?"

Jama'a suka bi shi da dariya. Wani kawuna ya finciko ni ta kunne. Kaka bai ce an gusa ba, bai ce ba a gusa ba. Ya ce a ci gaba, aka ci gaba, aka cinye shi.

Da muka koma gida ya cike ramukan ƙofar zaurensa da ƙafa. Bai sake taɓa dara ba. Damina ta zo ta wuce, masu zuwa koyon wasa suka daina sallama, shi kuma ya koma zaman shiru a kan buzu. Ba a daɗe ba muka rasa shi.

A wurin ta'aziyya mutumin Shinaka ya fi kowa kuka. Shi ya kawo shawarar a sayi kofi don tunawa da Kaka, shi ya je Sakkwato ya sayo, aka zana sunan Kaka a jikinsa. Shekarar farko a Rabah shi ya ci shi. An ce ya ɗaga shi sama yana cewa, "Aminina, ga mu tare za mu gida." Daga nan gasar ta girma, aka fara kafa rumfa da lasifika, 'yan siyasa na zuwa miƙa kofin, kuma kowace shekara shi ake ba makirufo ya ba da tarihin amincinsa da marigayi.

Ni kuwa bayan rumbu nake, da ƙwallayen dabino da 'ya'yan tsamiya, ina shimfiɗa wasan nan yadda yake kafin la'asar. Na bi kowace hanya da tsinke zai iya bi. Babu wadda ba ta ƙare da Kaka ya ci ba. Na yi sakandare, na shiga kwaleji, ban yafe ba. Ba kofin nake so ba. So nake ya faɗa da bakinsa, a ji, a san yarinyar nan ba ƙarya ta yi ba, kuma ba a taɓa cin Kaka da gaskiya ba.

Amma duniya ba ta tsaya jirana ba. Hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga, mutanen ƙauyuka suka daina kwana a garuruwansu, gasar ta tsaya. Samarin yanzu a waya suke wasanninsu. Tsamiyar ma an sare ta, an gina shaguna.

Hutun da ya wuce na ji ya baro Shinaka, yana zaune gidan 'yarsa a Goronyo. Na shiga mota na je. Na same shi a zaure, ya rame, haƙora sun zube. Kofin na gefensa, an zuba goro a ciki. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na tsuguna na tona ramuka a ƙasan zauren, na jera tsakuwa da tsinke ɗaya bayan ɗaya. Na shimfiɗa wasan nan yadda yake kafin la'asar, ban kuskure ko ɗaya ba.

Ya leƙo, ya daɗe yana kallo. Sai na ga ya gane.

"Ke ce amaryar tsoho."

"Ni ce, Baba. Takunka ne. Taka."

Bai taka ba. Na ce, "To hwaɗa mini, dutsen nan a ina yake kahin salla?"

Ya miƙa yatsa ya taɓa ramin, daidai inda na sa shi. Sannan ya yi 'yar dariyar nan tasa, wadda na kwana da ita na tashi da ita tun ina yarinya.

"Awo, ni na gusa shi, ɗiyata. Tahi ki hwaɗa. Amma waɗanda sunka yi miki dariya rannan, wasu na kabari, wasu sun watse. Wa za ki hwaɗa ma?"