Malam Iliya, dillalin da ya ƙara mini kuɗin gida

Da safen nan ina ƙoƙarin tayar da mashin zan tafi makaranta, maƙwabcina ya leƙo ya ce wai Malam Iliya dillali ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Barin mashin ɗin na yi na zauna.

Gidan da nake ciki yau, ta hannunsa na saye shi. Ina so ku ji yadda aka yi.

Na daɗe ina haya a nan Makarfi, ina koyarwa a firamare, ina ɗan noman rake. Da na tara abin da nake ganin zai isa, aka ce in nemi Malam Iliya, yana zama a benci gefen wani mai cajin waya kusa da tasha.

Gida uku ya kai ni. Na ukun ne ya kwanta mini: ɗaki uku, zaure, rijiya, ga mangwaro a tsakar gida. Na wata dattijuwa ne, Inna Hajara, rabonta na gado. Za ta koma Gubuchi wajen 'yarta, kuma tana son kuɗin a yi mata aikin ido.

Ranar ciniki muka zauna a zaure mu uku. Na taya miliyan biyu da rabi, ina jiran ta ce albarka in ɗan ƙara. Sai ta ce ita ba ta san farashin gida ba, in haka ake sayarwa to a yi a gama kafin ranar asibitinta.

Wallahi har na kai hannu aljihu zan ba da kafin alƙalami.

Malam Iliya ya ce, "Inna, kada ki sallama tukuna. Gidan nan ya fi haka." Sannan ya juyo gare ni. "Malam Sabo, ni na kawo ka, amma ba zan zauna a karɓe wa tsohuwa gida a wannan kuɗin ba."

Ban taɓa jin haushin mutum kamar ranar ba. Da muka fito na faɗa masa maganganun da nake jin kunyarsu yau. Na ce so yake la'adarsa ta ƙaru.  Sai ya nuna mini gidaje biyu da aka sayar a layin, ya faɗi kuɗinsu, ya ce in je in tambayi mai unguwa ko ƙarya yake yi.

Sati guda ina canza hanya don kada mu haɗu.

Matata ce ta gaji da ƙorafina, ta ce in je in tambaya mana. Na je. Abin da ya faɗa, shi mai unguwa ya faɗa.

Na koma wajen Malam Iliya da kunya. Ya matsa mini a benci kamar ba abin da ya faru, ya tambayi yara, ya ce gobe mu koma.

A zama na biyu surukin Inna ya zo daga Gubuchi, ya ce shi sai miliyan huɗu. A nan na ga ɗayan ɓangaren Malam Iliya. Mutumin da ya haura sittin ya aro tsani ya hau, ya kira surukin ya nuna masa inda kwano ya yi tsatsa, suka zagaya ya nuna masa katangar baya da damina ta ci gindinta. Ya ce wannan gyara duk a kan mai saye zai faɗa, dole a cire. Aka yi ta ja, ni in ƙara, shi ya sauko, har aka tsaya a miliyan uku da dubu ɗari huɗu.

Uku cif ke hannuna. Na ɗauka gidan ya wuce ni ke nan.

Malam Iliya ne ya roƙi Inna ta karɓi ukun a yi mata aikinta, ta jira ragowar sai na sare rake. Ya ce shi ya tsaya mini. Ta ce tunda shi ya faɗa, ta sallama. Aka rubuta takarda a gaban mai unguwa da shaidu.

Da aka zo la'ada, a kan miliyan biyu da rabin da na fara tayawa ya lissafa. Ya ƙi karɓar ko sisi a kan ƙarin. Na gane amsar maganata ce.

Ranar da muka tare, ya zo da dashen gwaba a leda, ya ce a sa kusa da rijiya. In ya je Gubuchi sai ya biyo ya gaya mini Inna tana gaisuwa, ido ya buɗe, har tana tsince shinkafa da kanta.

Irin mutumin da garinmu ya haifa ke nan. Duk inda na ji ana cewa dillalai ba su da amana, nakan ce ku zo Makarfi in nuna muku guda. Yau babu wanda zan nuna, sai labari.

Ganinmu na ƙarshe ranar kasuwar da ta wuce ne. Ya rame, yana dogara sanda, amma yana gaba wasu mata da miji suna binsa za su duba fili. Na tsaya muka gaisa. Ban san me ya sa ba, ranar na buɗe baki na ce ya yafe mini abin da na faɗa masa shekarun baya, kuma na gode da ya hana ni cin haƙƙin tsohuwa.

Ya yi dariya ya ce, "Ai ni ne da godiya, Malam Sabo. Kai ka dawo. Da yawa in na faɗa musu haka ba na ƙara ganinsu."

Za a yi jana'izarsa bayan azahar a ƙofar gidansa. Wanda ke kusa ya daure ya zo.

Ya Allah, bawanka Iliya ya tsaya wa mai rauni a lokacin da ba wanda zai zarge shi in ya yi shiru. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba shi gida a Aljanna wanda ya fi duk gidajen da ya shiga da mutane. Ka ba iyalansa haƙuri, Ka tsaya musu.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa Malam Iliya a addu'arsa ta yau.