Sobiyar da ta ragu a bokiti

Shekarar da ciwon gwiwa ya hana surukata tsayuwa a kicin, aikin sobiya ya dawo kaina. An san gidanmu da ita a unguwar Mansur ta Makka, domin duk azumi sai an kai kwalabe masallacin layinmu an sha ruwa da ita. Ni a Katsina na tashi, kunu na sani. Sai da aure ya kawo ni Makka na ga sobiya: garin sha'ir da busasshen burodi ake jiƙawa da kirfa da hel ɗin da ake sa wa gahawa, a bar su su kwana, a tace, a zuba sukari, a sanyaya.

Wannan kwana da take yi shi ya hana ni sakat. Wata maƙwabciya ta taɓa ce mini idan ta wuce lokaci giya take zama. Ta faɗa tana dariya, ta tafi abinta, ta bar ni da maganar. Giya a Makka, a watan azumi, a bakin masu salla, kuma daga hannuna!

Na je na durƙusa gaban Hajiya, surukar tawa.

"Hajiya, sha'ir nawa ake sawa?"

"Daidai."

"Ruwan fa?"

"Har ya ishe ta."

"To, sukari?"

"Ki yi ta zubawa har zuciyarki ta ce ya isa." Sai ta dube ni ta yi murmushi. "Af, na manta da wa nake magana. Taki zuciyar ba ta taɓa cewa wani abu ya isa ba."

Washegari na sa maigida ya sayo mini ƙaramin sikeli da kofin awo mai layi-layi a jiki. Na kawo buhun sha'ir gaban Hajiya, tana ɗiba da hannu ina ɗorawa a sikeli. Ta ɗiba sau uku, kowanne da nauyinsa daban. Na nuna mata, ta ce sikelin ne bai da natsuwa. Maigida ya leƙo ya tambaya ko kemis muka buɗe ba a gaya masa ba.

Jiƙon farko na zubar da shi, don na ga kumfa a samansa. Hajiya ta riƙe baki.

"Ya binti, 'yata, ko shayi ai yana kumfa. Shi ma malami za ki kira masa?"

Babbar matsalar ita ce da rana ake tacewa, ni kuma ina azumi, ba damar ɗanɗanawa. Sai dai in sa hanci, hancina kuwa duk abin da nake tsoro shi yake jiyo mini. Hajiya ba ta azumi, likita ya hana ta saboda ciwon suga, ciyarwa take yi. Ta ce in kawo ta ɗanɗana mini. Na kawo a cokalin shayi.

"Wannan na mene ne? Maganin ido?"

"Hajiya, likita ya ce ban da zaƙi."

"Likita yana can unguwar Jarwal, shi ma sobiyarsa yake sha."

Ta lasa ta ce lafiya lau. Amma cokali ɗaya bai kwantar mini da hankali ba, kuma ban yarda na ƙara mata ba.

Ranar da za a fara kai wa masallaci na tace kafin azahar, na zuba sukari, na auna da kofina: lita goma cif. Na rufe bokitin na sa a firji. Bayan la'asar na zo ɗurawa a kwalabe, sai kwalba ta ƙarshe ta tsaya babu ko rabi. Na juye duka na sake aunawa. Kusan lita guda babu. Na duba gindin bokiti ba ya yoyo, ƙasan firji a bushe. Na taɓa jin cewa abin da ya fara zama giya cinye sukarinsa yake yi, sai na ce shi ke nan, ta fara cin kanta. Na ɗauki bokitin na nufi magudana, idona ya cika da ƙwalla.

"Ina za ki da ita?" in ji Hajiya daga kujerarta ta bakin ƙofa.

Na gaya mata. Ta gyara mayafinta, ta kalli silin.

"Ajiye. Ba kanta ta ci ba."

"To, wa ya..."

"Lokacin da kike can kina maimaita alwala. Kofi uku, manya."

"Hajiya! Gwiwar fa?"

"Gwiwa ta san hanyar firji. Ke dai dube ni da kyau. Kin ga ina tangaɗi? Na yi la'asar ɗina raka'a huɗu ba ragi ba ƙari. Ke da ba ki sha komai ba, ke ce na ji kina ƙabli da ba'adi."

Na ajiye bokitin na ruga na ɗauko na'urar gwajin suga. Ta miƙo yatsa tana mita, wai ta cece ni daga zunubi ina saka mata da allura. Sugan ya hau, amma bai kai na asibiti ba. Na ba ta maganinta, na tsaya a kanta har ta haɗiye, sannan na koma na ɗura kwalaben. Na miƙa wa maigida su ya fita da su.

Da aka idar da magariba ban zauna cin abinci ba. Na tsaya a taga ina kallon mazan layinmu suna fitowa daga masallaci, ina bin ƙafar kowa da ido. Duk a miƙe suke tafiya, sai wani dattijo da ya fito yana karkacewa gefe guda. Na ƙwala wa maigida kira tun yana kan matakala.

Ya zo ya leƙa, ya ce, "Wannan tun kafin a haife ki haka yake tafiya. Zo ki ci sambusa."