Kwamfutar da Aka Ƙirga Ƙwai Ɗaya

Ranar wata Asabar a bazarar 1997, da hantsi, Alhaji Babba ya shigo ɗakin Inna da takardar kuɗin wuta a hannunsa, ya sunkuya bayan firji ya zare wayarsa daga bango. Ina tsugune a bakin ƙofa ina ƙulla zoɓo a leda, sai na ji gurnanin nan da muka saba da shi ya tsaya cak. Alhaji shi ne yayan mahaifina, shi ke riƙe da gidanmu na Tudun Wada tun rasuwar Baba. Ba mugu ba ne, kuɗin ne ya ninka har sau biyu cikin wata uku, masu wuta kuma sun ce in ba a biya ba za su zo da tsani su yanke. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajara, wata guda kawai mu gani." Inna ta dubi ledojin da na riga na ƙulla, ta ce in raba wa yaran gida kafin su yi tsami.

Firjin nan da gadon Baba aka saye shi, kuma shi ke ciyar da mu. Kullum in na taso daga firamare sai in ajiye jaka, in kai wa tumaki harawa, in jawo ruwa guga shida a rijiyar tsakar gida, sannan in ɗauki kula cike da zoɓo da lamurje masu ƙanƙara in nufi tasha, inda motocin Kwanar Dangora da na Riruwai ke lodi. Abokaina na can suna langa ko tura gare a bayan makaranta, ni ina bin tagogin mota. Ban taɓa jin haushi ba, don na san daga kular nan littafina da takalmina suke fitowa. A shekarar kuwa ina aji shida, kuɗin jarrabawar shiga sakandare na jira, bazara kuma ita ce kakarmu. In damina ta sauka, ba mai neman abin sanyi.

Gidanmu babba ne, ɗaki goma sha ɗaya, mita ɗaya a zaure. Yadda ake raba kuɗin wuta tun zamanin kakanmu shi ne a ƙirga ƙwai. Kowane ƙwan lantarki ɗaya ne, rediyo ɗaya, fanka biyu, dutsen guga uku. Da firjin Inna ya zo aka zauna aka yanka masa biyar, saboda girmansa da ƙararsa. Da kwamfutar Baffa Sabi'u ta zo kuwa, wata uku kafin wannan Asabar ɗin, Alhaji ya shiga ya zagaya ta, ya ga ba ta toya komai, ba ta sanyaya komai, sai wata 'yar fitila kore kamar idon mage a gabanta. Ya ce, "Wannan ai ko ƙwai ɗaya an zalunce ka." Aka rubuta mata ɗaya.

Baffa Sabi'u ƙanen Baba ne, malamin lissafi a sakandare. Sai da ya sayar da shinkafarsa ta shekara guda da bijimin da yake kiwo wajen wani Bafulatani a Burumburum kafin ya sayo ta, ta hannu, a Zariya. Mutane suka yi ta yi masa dariya, wai ya ba da sa ya karɓo talabijin marar hoto. Shi kuwa yana buga takardun jarrabawa da wasiƙun neman aiki, yana fatan wata rana ta mayar masa da bijiminsa. Wanda ya sayar masa ya ja masa kunne cewa kunnawa da kashewa ne ke cinye ran kwamfuta, kuma zafi maƙiyinta ne. Baffa ya riƙe maganar nan kamar karatu. Ba ya kashe ta ko zai tafi makaranta, ko zai kwana a gona, ga fankarsa ya juya mata dare da rana, shi yana fifita da mafici. In an ɗauke wuta sai ya ce, "Wannan daga Allah ne, amma ni ba zan kashe ta da hannuna ba."

Kwana huɗu firji yana a kashe, Inna ta koma dakan fura tana aike ni da ita, cinikin bai kai rabi ba. Ran na biyar aka tura ni zaure in share, don za a tara takin da za a kai gona. Rana tsaka ce, maza duk sun fita, ba ƙwai ko ɗaya a kunne, rediyon matan gida ma na batir ne. Na ɗaga kai na ga faifan da ke cikin mita yana juyawa, jan ɗigon da ke jikinsa na wucewa yana dawowa kamar jakin da aka sa wa ƙaimi. Na tsaya da tsintsiya a hannu. In firjinmu ne ɓarawon, to ga shi a ɗaure, wa ke satar?

Na ɗebo ƙwayar masara a aljihu, na ɗauko agogon tebur na Inna, na hau turmi. Duk zagaye ɗaya sai in jefa ƙwaya a gwangwanin madara, har minti biyar. Na juye su a leda na ƙulle. Zuciyata ta so in kai wa Alhaji a gaban kowa, amma Inna ta sha gaya mini, "In ka kama gaskiya, kada ka mari mutum da ita." Sai na jira Baffa ya dawo daga makaranta, ya yi sallah, ya ci abinci, sannan na yi sallama a ƙofarsa na durƙusa.

Ya saurare ni har na gama, yana juya ledar masarar a tafinsa. Ya ce, "Kai Habu, malamin lissafi za ka koya wa ƙirga?" Na ce, "A'a Baffa, so nake ka duba mini ko na yi kuskure." Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Ya daɗe yana kallon kwamfutar, ga tambayoyin jarrabawar ɗalibansa a ciki, ga kuɗin bijimi. Sannan ya yi bisimilla, ya kashe ta yadda ake kashewa, ya kashe fankar. Na ga yatsansa na rawa. Muka fita zaure tare, ya riƙe agogo ni ina kan turmi. Faifan ya tsaya kamar an taka shi. Ya aike ni in ce wa Inna ta mayar da firji. Faifan ya motsa, ya yi tafiyarsa ina jefa masara a gwangwani, can da firjin ya yi sanyi ya huta, shi ma ya huta. Kwamfuta da fankarta kuwa ba su san hutu ba, nan ne kuɗin yake tafiya.

Bayan la'asar Baffa da kansa ya sami Alhaji a zaure ya zube masarar a kan tabarma kashi biyu, ta kwamfuta da ta firji. Bai ambaci sunana ba sai daga baya, kuma na gode masa, don yaro bai kamata a ce ya kayar da babba ba. Ya ɗauki ƙarin kuɗin wutar watannin nan uku a kansa, ya biya daga albashi. Alhaji ya shigo ya ba Inna haƙuri a tsaye, abin da ban taɓa gani ba. Washegari da safe muka taru a ɗakin Baffa ya danna maɓallin. Ta yi 'yar ƙara, ta yi tunaninta, ta kawo haske da komai nata a ciki. Ta ƙara shekara shida yana kashe ta kullum. Ni kuma na biya kuɗin jarrabawa da cinikin sauran bazarar.

Yau ina da shagon batir da farantan sola a Kwanar Dangora, kuma kafin in sayar wa mutum komai sai na tambaye shi abin da yake bari a kunne, da awa nawa. Kowane ɗaki yanzu da mitarsa ta kati, ba mai zama a zaure ya ƙirga wa ɗan'uwansa ƙwai, ba kuma mai ɗaukar wa wani nauyi. 'Ya'yana na barin kwamfuta a kunne su tafi ƙwallo, in bi baya in kashe. Baffa Sabi'u ya rasu bara. Duk lokacin da na kai yatsa kan maɓallin nan, nasa nake gani yana rawa, ya kuma danna.