Zagayen Gaisuwa a Bayan Babur

Shekara ashirin da biyu na yi a Ingila ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. A tsawon wannan lokaci sau ɗaya na tako Ƙaraye, lokacin da mahaifinmu ya rasu, shi ma kwana tara kawai na yi na koma. Sa'ad da na tattaro komatsaina na dawo gida gaba ɗaya, kaka ta kama, ana ta cirar gyaɗa, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran girbi.

Kwana biyu mahaifiyata, wadda duk gidan muke kira Inna, ta ƙyale ni ina barci ina cin tuwo a gidanmu na Unguwar Hajji. A rana ta uku da hantsi ta kira ni tsakar gida.

"Ka huta?"

"Na huta, Inna."

"To madalla. Akwai gaisuwa a kanka. Mutane sun mutu ba ka nan."

Ta shiga lissafo su da yatsu, gida gida. Da na ga yatsun sun ƙare ta sake komawa farko, sai na zaro waya zan rubuta. Ta dakata ta dube ni.

"Yanzu mamatan ma sai an sa su a waya?"

Na ce don kada in manta ne. Ta ce in dai don wannan ne in mayar da wayata aljihu, ɗan Gwaggo zai kai ni, shi ya san kowa.

Ɗan Gwaggo taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma sa'ana. A gidanmu ya tashi, tare muka yi firamare. Yana aikin rubuce-rubuce a ofishin hakimi, saboda haka babu haihuwa ko rasuwa ko rikicin iyakar gona da zai wuce shi. Washegari da sassafe ya iso da babur ɗinsa, ya kashe, ya ƙare mini kallo tun daga hula har takalmi.

"Sannu Bature. Wannan farar shaddar, ɗaurin aure aka ce maka za mu?"

A gidan farko na gane gwiwoyina sun zama na Turawan Ingila. Na je zan tsuguna gaban wata tsohuwa, sai gwiwar dama ta yi ƙara kamar an karya kara, har kajin da ke kiwo a gefe suka watse. Tsohuwar ta ce, "Subhanallahi, a ba shi kujera." Gaisuwar ma ta gajarce a bakina. Ina cewa ina kwana, ya haƙuri, Allah ya ji ƙansa, sai in ji na gama, in yi shiru ina kallon ƙasa, ita kuwa tana jiran saura. Da muka fito ɗan Gwaggo ya ce, "Kai gaisuwa kake ko allura? Ba ka tambayi gajiya ba, ba ka tambayi yara ba, ba ka ce ya aka ji da aikin gona ba." A kan babur ya riƙa yi mini bita, yana faɗa ina maimaitawa, iska tana kwashe rabi.

Kafin rana ta take mun gama da cikin gari, bakina ya fara saki. Muka nufi ƙauyen Turawa. A can akwai wasu tsofaffi biyu, wa da ƙane, aminan mahaifina, gida ɗaya suke zaune tun tasowarsu. Inna ta gaya mini ɗayansu ya rasu bara. Ni dai abin da ya zauna a kaina shi ne wan ne ya rasu, don ko lokacin da na bar gida ya riga ya yi furfura.

Muka tarar da wani tsoho a ƙofar zaure, ya miƙe ƙafa a kan tabarma, tarin gyaɗa da ganyenta a gabansa yana tsinka yana jefawa a ƙwarya. Na cire takalmi, na dafa bango na sauka a hankali. Na jero gaisuwa tsaf yadda aka koya mini, har ina jin daɗin kaina. Sannan na sassauta murya.

"Baba, ya muka ji da haƙurin rashin Baba babba? Ina can labari ya same ni. Allah ya ji ƙansa, ya gafarta masa."

Hannun tsohon ya tsaya a kan gyaɗar. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi ɗan Gwaggo. Ɗan Gwaggo ya duƙar da kai yana gyara igiyar agogo.

"Amin," in ji tsohon. "Ashe kana tuna shi."

"Ƙwarai kuwa, Baba. Ai ba zan manta da shi ba."

"Me ka tuna?"

Na ce mutum ne mai kyauta, duk ranar da muka raka mahaifinmu gidan nan sai ya cika mana aljihu da dafaffiyar gyaɗa. Tsohon ya gyaɗa kai. Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai ɗan Gwaggo, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Amma ai akwai faɗa."

Na yi 'yar dariya, na ce gaskiya akwai faɗa, Allah ya yafe masa. Na ba da labarin ranar da jakinmu ya kwance ya shiga gonarsa ya ci wake, ya biyo ni da tsumagiya har bakin rafi, yana gudu yana riƙe da wando. Na ce duk yaran unguwa tsoronsa muke ji, in mun hango shi sai mu sake hanya.

Tsohon ya ɗauki gyaɗa guda, ya ɓare, ya jefa a baki, ya tauna a natse.

"To, faɗan yana nan," ya ce. "Ban tafi da shi ko'ina ba. Kuma ba wake jakin ya ci ba, masara ce."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Ɗan Gwaggo kuwa tuni ya kife a kan tabarma, kafaɗunsa suna rawa, hularsa ta gangara cikin gyaɗa. Na shiga ba da haƙuri, Hausa da salati suna sarƙewa a bakina. Tsohon ya ɗaga hannu, shi ma dariyar ta ci ƙarfinsa har yana tari.

"Bar shi, bar shi. Addu'a ai ba ta lalacewa, na karɓa na ajiye. Mutum nawa ne suka ji tasu da kunnensu?"

Da dariyar ta lafa, ya share ido da gefen riga. Ya ce ƙanen nasa ne ya tafi, bara war haka, suna tsakar cirar gyaɗa. Ya nuna mini gefen tabarmar, ya ce nan yake zama, shekara da shekaru tare suke tsinka, shi yana faɗa ƙanen yana ba shi haƙuri. Ya ce har yanzu wani lokaci sai ya tura ƙwarya wajen, sannan ya tuna. Na sake yin ta'aziyyar, wannan karon ga mai ita, kuma ban buƙaci bitar kowa ba. Da za mu tashi ya kama hannuna ya ce, "Ka dawo ke nan, ko leƙo mu ka yi?" Na ce na dawo. Ya ce to in riƙa zuwa, masu zama da shi sun ragu.

A hanya ban yi wa ɗan Gwaggo magana ba. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce tun daga kalmar farko ya so ya tare ni, sai ya ga gaisuwar tana tafiya da kyau, bai kamata a katse ɗalibi ba.

Muka miƙa zuwa Gwangwan, a ƙasar Rogo, inda Gwaggo take aure tun kafin a haife mu. Hanyar ta yi wa farar shaddata abin da ɗan Gwaggo ya hango, ga ramukan da damina ta bari, ga kwatamin ruwa da muka ratsa sau biyu. Muka yi azahar a wani masallacin bakin hanya. Ashe kafin mu isa labari ya riga mu, don tsohon yana da suruka 'yar Gwangwan, ita kuma tana da waya.

Gwaggo tana zaune a inuwar rumbu, idanunta sun yi rauni, sai dai kunne. Ina yin sallama ta ce, "Tsaya daga nan. Dube ni da kyau tukuna. Da rai nake, ko ni ma ka zo yi mini?"

Matan gidan suka tuntsure da dariya. Na ce, "Gwaggo, ɗanki ne ya haƙa mini rami." Ta ce ta sani, tun yana goye halinsa ke nan.

Ta ce in matso. Na zauna a ƙasa kusa da ita, na bar zancen tsugunno. Ta shafa fuskata da tafin hannu, ta taɓa gemu, ta ce, "Har da furfura. Ka tafi da baƙin gashi ka kai wa Turawa, ka kawo mana fari." Ta ce in ƙara magana. Na tambaye ta ya jiki. Hannunta yana kafaɗata, ta ce muryar yayanta ce sak, da ta ji sallamata sai da gabanta ya faɗi. Ta goge ido da bakin mayafi, ta daka wa matan tsawa, wai sun tsaya kallo ba su kawo wa baƙo abinci ba.

Aka kawo dambu da zogale da ƙuli, aka kawo fura. Wata ta miƙo mini cokali a kan faranti, Gwaggo ta ji ƙararsa ta ce a mayar, hannuna ba ciwo yake ba. Na ci har na rasa inda zan sa numfashi, tana ta cewa a ƙara.

Bayan la'asar muka yi sallama. Ta sa aka ɗora mana rabin buhun gyaɗa, ba wurin ɗaurewa, dole na rungume shi a cinya. Ta ce in dawo da matata da yara kafin a gama girbi, tana so ta ji ko suna jin Hausa ko sai an nemo tafinta.

Tafiyar komawa ta fi ta zuwa tsawo, don ɗan Gwaggo bai ga wanda ya sani ya wuce ba. Mai faci, mai rake, wasu manoma a kan amalanke, kowa sai ya taka birki ya ba shi labarin Baturen da ya yi wa mai rai ta'aziyya, kowane karo kuma labarin yana ƙara tsawo. Ni dai ina baya rungume da buhu, ina amsa sannu da zuwa. Mun shiga Ƙaraye ana kiran magariba, ya sauke ni a ƙofar gida, ya ce in shirya da wuri, gobe saura gida goma sha ɗaya.