Jadawalin Gwadabe na Goruba da Kurna

Shekara goma sha tara Gwadabe yana share ɗakin gwajin kimiyya a wata makarantar 'yan mata da ke wajen Ƙofar Ƙwaya. Bai taɓa zama ajin boko ba, amma ai kunne ba ya neman izinin shiga aji. Yana wanke kwalabe yana saurare, har ya san a cikin kananzir ake ajiye sodiyam, don da ya ji ruwa sai ya hau tsalle yana huci kamar an taka masa wutsiya.

A 1999 soja suka koma bariki, gari ya ɗauki murna. Ana cikin haka sai ga takarda: za a tantance ma'aikata, wanda ba shi da shaidar iya wani aiki ya kama gabansa. Gwadabe kuwa shaidarsa guda ce, tsintsiya.

Dama gara ta daɗe da cinye jadawalin sinadaran da ke bango, 'yan mata kuma kullum tambayar girman ƙwayar zarra ke kayar da su. Malam Markus, malamin kimiyya, ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Gwadabe ya samo faffaɗan katako da ƙusoshi, ya shiga kasuwa ya dawo da buhu. Daga hagu ya kafa goruba a gurbin sodiyam, sai aduwa, sai kanya, ana ta ƙanƙancewa har aka dire kan kurna a gurbin kulorin. A ƙarƙashin gorubar ya kafa ƙwallon giginya a gurbin fotasiyam, ƙarƙashinsa kuma ƙaton ɗan kuka.

Aji ya kaure da sowa. Cikin kwana uku har mai barci a baya ta haddace. Aikin Gwadabe ya koma gadin katakon. "Wadda ta ci mani kulorin, ni da ita!"

Ranar tantancewa, jami'ar da aka turo, Hajiya Rahmatu, ta tsaya gaban katakon. Ta zaci aikin Malam Markus ne, shi kuwa ya nuna mata mai tsintsiya. Ba ta yarda ba. Ta ce Gwadabe ya buɗe taga, yana juya baya ta musanya goruba da kurna.

Yana dawowa ya dafe kai. "Subhanallahi! Wa ya ɓata mani layi?" Ya mayar da kowa gurbinsa.

Ta ce, "To Baba, kulorin ya fi sodiyam nauyi. Me ya sa ka ba shi kurna?"

Gwadabe ya amsa da zumuɗi. "Ranki shi daɗe, gida guda ne, ba a ƙara katanga ba. In ana tahiya dama, maigidan da ke tsakiya ƙarhi yake ƙarawa, sai ya jawo iyali jikinai, gida ya tsuke. In ko aka gangara ƙasa, katanga ake ƙarawa bayan katanga. Na bakin waje ya yi nisa da maigida, ba mai tsawata mai. Shi ya sa fotasiyam ya hi sodiyam rashin ji, da ya ga ruwa sai wuta!"

Hajiya Rahmatu ta yi dariya har da tafi, ta yi rubutu a takardarsa ta miƙa masa. Gwadabe ya duba sama ya duba ƙasa. Ya ga Na irin ta sodiyam, ya ga K irin ta fotasiyam a wasu wurare, amma sauran baƙaƙen ba su san shi ba. Ya miƙa wa Malam Markus takardar.

"Mataimakin ɗakin gwaji," in ji Malam Markus.

"Malam, don Allah sake karantawa."

Ya sake. 'Yan mata suka rangaɗa guɗa, ranar nan kuma da izinin Gwadabe suka cinye jadawalin kaf, har kulorin.

Washegari da sassafe ya ɗauki tsintsiyarsa kamar kullum. Malam Markus ya zare ta daga hannunsa, ya danƙa masa sandar nuni, ya ce, "Baba, 'yan aji huɗu na jiranka."