Kujerar da Kawu Direba Bai Duba Ba

Kawu Direba ya tsufa ne riƙe da sitiyarin manyan motocin masu hali. Ko bayan ya ajiye aiki, ba a sayen mota a dangi sai an kira shi, kuma da wannan yake taƙama. Shi ya sa ransa ya sosu ranar da mijin 'yarsa ya kai shi wajen dillali ganin wata danƙareriyar mota ta hannu, amma surukin yana ta duba agogo.

"Baba, ai sheƙinta ma ya isa shaida."

"Sheƙin za ka hau?" in ji Kawu.

Ya buɗe bonet, ya murza baƙin mai a yatsa, ya shinshina. Ya sa aka tayar da ita, ya tsuguna yana kallon hayaƙin salansa. Ya bi ƙofofi da maganaɗisu yana neman inda aka yi ciko aka shafe da fenti.

"Dattijo, sayenta za ku yi ko aurenta?" in ji dillali.

Kawu ya ja tsaki, ya zagaya da ita, ya ji giya na shiga sumul. Ya ce a saya.

Wuri ɗaya ne bai leƙa ba. Tun yana saurayi, tsakaninsa da ƙofar baya sai buɗewa da rufewa. Kujerar maigida ce, direba ba ya zama a kanta.

Da aka kawo motar gida, Goggo matar Kawu ta shiga baya a ɗana ta. Ta tuɓe takalmi yadda ta saba, sai ta ɗage ƙafa da sauri.

"Malam, mota ce wannan ko bakin rijiya? Kafet ɗin duk danshi!"

Aka kira makanike ya ɗaga kujerar. Ga laka, ga tsatsa, wayoyi sun yi kore shar. Ashe motar ta taɓa nutsewa a ambaliya. Ba a jima ba gilasai suka ƙi sauka, fitilu suna kunna kansu.

Surukin kuwa sai ma ƙara durƙusawa yake in ya zo gaisuwa, kuma wannan ya fi komai ƙona wa Kawu rai.

Har yau ana kiransa duba mota, amma dangi sun sa sharaɗi: sai da Goggo. Yana gaba yana cika yana batsewa, ita kuwa tana baya tana tattaka kafet.

"Malam, kai dai ji da injinka."