Barcin Ebo da Littattafan Egya Bentsil

Egya Kwamena Bentsil bai taɓa shakkar kansa ba, ko a ranar da ya kamata. Shekara ashirin da takwas yana buga jaridarsa a Oguaa, garinmu na bakin teku, shafi huɗu duk Asabar: rabi caccakar Turawan mulki da Turancin da ya fi nasu tsabta, rabi tarihin gari. Tarihin nan kuwa a bakin mata masu bandar kifi ya kwashe shi. Sai ya ci kwat da malafa ya tsuguna cikin hayaƙi yana tambayar wa ya haifi wa, ya rubuta, ya koma gida yana tari. Littafi goma sha ɗaya ya cika da hannunsa.

Da ƙafafunsa suka fara kumbura, sai lissafin gado ya tsaya masa a rai. A wurinmu ɗan 'yar'uwa ke cin gado, ba ɗan cikinka ba. Magajinsa Ebo ne, mai motar haya, wanda duk takarda a wurinsa abin ƙunshe soyayyen kifi ce. Ekuwa kuwa, 'yar Bentsil, da ta shekara goma tana jera baƙaƙe a injin buga jarida, ko tsinke ba za ta samu ba.

Lauya ya ce a rubuta wasiyya. Bentsil ya yi dariya. Wasiyya nawa ya ga dangi sun ja a kotu har gara ta cinye abin da ake faɗa a kai? Shi ya san tsohuwar hanya: kyautar da mutum ya yi da ransa a gaban dangi, aka kawo abin godiya aka sha, ba mai warware ta.

Ranar Lahadi bayan coci ya tara dattawan dangi, aka kawo fufu da miyar kwakwar manja. Ebo ya tashi da malmala uku.

"Kawu, ka rame fa," in ji shi, yana suɗe hannu. "Ka kwantar da hankalinka, komai naka zan riƙe."

"Na sani, ɗana. Tun ina numfashi kake auna ɗakina da ido. Zauna, ina da 'yar magana."

'Yar maganar tun daga kakannin da suka fara sauka bakin teku ta faro. Kafin a kai kaka na huɗu, haɓar Ebo ta sauka a ƙirji, kamar kullum. Bentsil bai rage murya ba. Ya zo ƙarshe ya ce injin da littattafan duka ya ba Ekuwa. Babban dattijo ya tambaya sau uku ko akwai mai ja. Minshari kaɗai ya amsa.

Ekuwa ta durƙusa ta ajiye kwalbar barasar jin. Ƙarar buɗe murfi ce ta tashi Ebo. Ya miƙa kofi tun kafin manya, ya shanye, ya ƙara.

"Af, wai murnar me muke yi?"

"Godiyar kyautar da kawunka ya yi wa Ekuwa," in ji dattijon. "Kai ka fara sha, shaidarka ta fi ta kowa ƙarfi."

Ebo ya dubi kofin, ya dubi kawunsa.

"Ƙara ɗaya mana," in ji Bentsil. "Ba a so shaida ya tafi da ƙishi."

Da damina Bentsil ya rasu. Ebo ya gaji gida da kujeru, ba wanda ya hana shi. Bayan shekara biyu Ekuwa ta buga tarihin, da sunan mahaifinta a bango, da sunan kowace mai kifi da ta ba shi labari a shafin farko.